Karɓa Daban, Riƙewa Daban: Darasin Tazarar Haihuwa daga Ƙauyukan Matlab

A cikin watan Oktoba na shekarar 1975 waɗansu tsofaffin mata suka fara shiga gida-gida a ƙauyuka 150 na wani yanki mai suna Matlab, a ƙasar Bangaladash, suna raba wa matan aure ƙwayoyin tazarar haihuwa kyauta. Kafin wannan rabo, mace ɗaya ce tak cikin ɗari take amfani da irin waɗannan ƙwayoyi. Bayan wata uku sai adadin ya tashi zuwa kusan kashi 18 cikin ɗari, har masu shirin suka ɗauka haƙarsu ta cim ma ruwa. Murnar ba ta daɗe ba. Mata suka yi ta barin ƙwayar da kaɗan-kaɗan, kafin shekara biyu ta cika adadin ya sauko wajen kashi 12, ɗan ragin haihuwar da aka gani a shekarar farko kuma ya ɓace a ta biyu.

A watan Oktoba na 1977 aka sake wani shiri a cikin wannan yanki dai. Cikin kimanin shekara ɗaya da rabi yawan matan aure masu amfani da wata hanya ta tazara ya haura kashi 30 cikin ɗari, kuma a wannan karon bai sauko ba. Mutanen su ne na jiya, talaucinsu bai gushe ba, addininsu da al'adarsu suna nan yadda suke. To, me ya sauya a cikin shekara biyu? Amsar wannan tambaya ta zama ɗaya daga cikin manyan darussan da ake koyarwa a ilmin kiwon lafiyar jama'a da na ƙididdigar al'umma.

Inda Matlab take, da dalilin yarda da alƙalumanta

Matlab tana kudu maso gabas da birnin Daka, tazarar kimanin kilomita 55. Ƙasa ce ta koguna da ƙoramu, wadda da damina ruwa kan malale mafi yawanta har sai da kwalekwale ake zuwa ƙauyen maƙwabta. Jama'arta manoman shinkafa ne da masunta. Galibinsu Musulmi ne, tare da 'yan tsiraru mabiya addinin Hindu. A shekarun 1970 mata ƙalilan ne suka yi karatun boko, kuma al'adar kulle ta hana yawancinsu yin nisa da gida. Ƙasar kanta ba ta daɗe da fita daga yaƙin neman 'yancin kai na 1971 ba, sa'an nan yunwar 1974 ta biyo baya.

Abin da ya bambanta Matlab da dubban yankuna irinta shi ne cutar kwalara. Saboda yawan ɓarkewarta a can, wata cibiyar binciken kwalara da ke Daka ta buɗe reshe a Matlab a 1963 don gwada alluran rigakafi. Gwajin rigakafi kuwa ba ya yiwuwa sai an san adadin mutane da abin da ya sami kowannensu. Don haka daga 1966 ma'aikatan cibiyar suka riƙa zagaya gidaje a kai a kai suna rubuta kowace haihuwa da mutuwa da ƙaura, daga baya aka haɗa da aure da saki. Wannan rajista tana ci gaba, kuma tana cikin mafi daɗewar irinta a ƙasashe masu tasowa. (Likitocin wannan cibiya suna cikin waɗanda suka tabbatar, a ƙarshen shekarun 1960, cewa ruwan gishiri da sukari yana ceton mai amai da gudawa.) Saboda haka, sa'ad da aka zo gwada shirin tsarin iyali, ba a dogara da rahoton ma'aikaci mai neman yabon shugabansa ba, akwai ƙidayar haihuwa ta daban wadda za ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi.

A lokacin ana tsakiyar wata muhawara mai zafi. A taron duniya kan yawan al'umma da aka yi a birnin Bukares a 1974, wakilan ƙasashe masu tasowa da dama sun kafe a kan cewa haihuwa ba za ta ragu ba sai arziki da ilmi sun ƙaru, domin talaka yana bukatar 'ya'ya su taya shi aiki kuma su riƙe shi in ya tsufa. Wani ɓangare kuwa yana ganin akwai mata da yawa masu son hutu tsakanin haihuwa da haihuwa, rashin magani kurum ya hana su. A kai musu shi har ƙofar ɗaki, magana ta ƙare. Shirin 1975 an tsara shi ne don gwada wannan ra'ayi na biyu.

Abin da ya kayar da shirin farko

Waɗanda aka ɗora wa rabon ƙwayoyin ungozomomin gargajiya ne, galibinsu tsofaffi, da yawa zawarawa, ba su iya karatu da rubutu ba, horon da aka ba su kuma ɗan gajere ne. Abin da ke hannunsu ƙwaya ce, daga baya aka ƙara kwaroron roba. Ba su da abin cewa idan mace ta yi kukan wata matsala.

Matsalolin kuwa suna zuwa. Ƙwayar tazara tana ɗauke da sinadarai masu kama da waɗanda jikin mace yake samarwa don tafiyar da al'adarta, aikinsu shi ne hana sakin ƙwai. Kafin jiki ya saba da su, wasu matan sukan ji tashin zuciya ko jiri ko ciwon kai, wasu sukan ga ɗigon jini ba a lokacin haila ba. Yawancin waɗannan alamu ba su da haɗari, kuma sukan lafa bayan 'yan watanni. Amma macen da ba a gaya mata haka ba, ta kuma wayi gari tana jiri alhali ga shinkafa tana jiran sussuka, ba ta da dalilin ɗaukar abin da sauƙi. Za ta ajiye ƙwayar, kuma za ta gaya wa maƙwabciyarta dalili. Har ila yau ƙwaya tana bukatar a sha ta kullum. Wadda ta riƙa tsallake kwanaki sai ta ga jini, ko ma ta ɗauki ciki, daga nan labari ya bazu cewa maganin ba ya aiki.

Akwai kuma batun matsayi. A ƙauyukan Matlab aikin ungozoma ba abin girmamawa ba ne sosai, don haka maganarta ba ta da nauyi a gaban mai gida ko uwar miji. Masu binciken suka fahimci abu biyu daga wannan faɗuwa. Tashin farko zuwa kashi 18 ya nuna lalle akwai bukata. Saukowar kuma ta nuna cewa miƙa magani bai biya bukatar ba.

Shiri na biyu

Aka raba yankin gida biyu. Ƙauyuka 70 suka zama yankin gwaji, 79 kuma suka zama yankin kwatance, inda aka bar jama'a da hidimar da gwamnati take bayarwa a ko'ina. Kowane ɓangare yana da mutane tsakanin dubu 85 da dubu 90. Ya kamata ɗalibi ya lura da hikimar wannan rabo, domin ita ce ginshiƙin gwajin kimiyya: idan haihuwa ta ragu a ɓangarorin biyu daidai wa daida, to wani abu ne daban ya jawo, kamar yunwa ko tafiyar maza ci-rani, idan kuwa ta fi raguwa a yankin gwaji, ana da hujjar jingina bambancin ga shirin.

A maimakon ungozomomi, aka ɗauki mata matasa kimanin 80 daga cikin ƙauyukan, masu aure, waɗanda suka yi aƙalla shekara shida a makaranta, 'ya'yan gidajen da ake ganin mutuncinsu, kuma su kansu suna amfani da wata hanya ta tazara. Aka ba su horo na makonni, aka ci gaba da tara su a kai a kai ana duba aikinsu ana ƙara musu sani. Kowace ma'aikaciya tana ziyartar kowane gida na rabonta sau ɗaya cikin mako biyu, ko matar gidan tana amfani da magani ko ba ta yi. Tana riƙe da littafin da take rubuta halin kowace mace: ranar hailarta ta ƙarshe, ko tana shayarwa, wace hanya take bi, wace matsala ta faɗa.

Hanyoyin ma aka faɗaɗa su. Ban da ƙwaya da kwaroron roba, ma'aikaciyar tana iya yi wa mace allurar wata uku a cikin ɗakinta. Wadda take son robar mahaifa ana raka ta ɗaya daga cikin ƙananan asibitoci huɗu da aka buɗe, inda ma'aikatan lafiya mata suke. Wadda ta gama haihuwa kuma take son a ɗaure mata bututun ƙwai ana kai ta babban asibitin Matlab. Mai matsalar da ta fi ƙarfin ma'aikaciya tana da wurin zuwa. Sannu a hankali aka ƙara waɗansu hidimomi a kan aikin, kamar allurar tetanas ga masu juna biyu, da ruwan gishiri da sukari, da rigakafin ƙyanda ga yara.

Allura ce ta fi samun karɓuwa, har ta kai kusan rabin masu amfani da wata hanya ita suke yi. Wannan abin lura ne, domin allurar ta fi ƙwaya dagula al'ada. A watannin farko takan sa jini ya riƙa zuwa ba tsari, daga baya kuma mata da yawa sukan daina ganin haila gaba ɗaya. Ga mace Musulma, a Bangaladash ko a wani wuri, jinin da ba a san kansa ba ya wuce batun lafiya kawai: yana taɓa sallarta da azuminta da zamanta da mijinta. Ɗaukewar haila kuma takan jawo tsoron cewa jini yana taruwa a ciki, alhali ba haka ba ne. Sinadarin yana hana bangon mahaifa yin kauri ne, don haka babu abin da zai zuba. Bayan an daina allura ma, ɗaukar ciki yakan yi jinkirin wasu watanni fiye da na wadda ta bar ƙwaya, ko da yake ba ta hana haihuwa har abada. Hanya mai irin waɗannan matsaloli ba za ta zauna a wurin da babu mai bayani ba. Ta zauna a Matlab ne saboda macen da ta ga abin da ya tsorata ta ta san cewa kafin mako biyu mai littafin nan za ta yi sallama, kuma idan allurar ba ta karɓe ta ba akwai wata hanyar da za a sauya mata.

Rajistar haihuwa ta gaskata rahoton ma'aikata. A shekarun farko haihuwa a yankin gwaji ta yi ƙasa da ta yankin kwatance da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Adadin masu amfani ya ɗan tsaya a wajen kashi ɗaya cikin uku na wasu shekaru, sa'an nan ya ci gaba da hawa. A 1990 ya kai kashi 57 cikin ɗari a yankin gwaji, a yankin kwatance kuwa kashi 27.

Lissafin randa mai yoyo

Ana iya fahimtar bambancin shirye-shiryen biyu da ɗan lissafin da ɗalibin aji uku na sakandare zai iya yi a allo. Yawan ruwan da ke cikin randa ya dogara ne da abu biyu: yawan wanda ake zubawa, da saurin yoyonta. Haka yawan mata masu amfani da wata hanya a kowane lokaci yake. Idan al'amura suka daidaita, ana samunsa ne ta ninka yawan sababbin masu karɓa a kowane wata da matsakaicin watannin da kowace take yi kafin ta bari.

A ƙaddara asibitoci biyu, don misali kawai. Na farko yana karɓar sababbin mata 100 a kowane wata, amma kowace takan yi wata 6 ta bari. Masu amfani a hannunsa za su tsaya a 100 sau 6, wato 600. Na biyu mata 50 kacal yake karɓa a wata, amma saboda kyakkyawar kulawa kowace takan yi wata 24. Nasa adadin 50 sau 24 ne, wato 1,200. Asibiti na biyu yana hidima ga ninkin matan na farko, alhali rabin sababbin mutanensa yake samu. Amma idan fom ɗin rahoton wata-wata sababbin masu karɓa kurum yake tambaya, kamar yadda aka daɗe ana yi a ƙasashe da yawa, asibiti na farko ne zai sami lambar yabo. Malami yana iya ba ɗalibai su gano wata nawa asibiti na farko yake bukatar ya riƙe matansa kafin ya kamo na biyu.

Masanin ƙididdigar al'umma Anrudh Jain ya gabatar da hujja mai wannan ma'ana a 1989. Lissafin bai ma nuna dukan asarar ba, domin macen da ta bari da ɓacin rai takan hana wasu zuwa. Nazarin da aka yi daga baya kan binciken gidaje na ƙasashe masu tasowa da dama ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da suka fara wata hanya sukan bar ta kafin shekara ta zagayo. Jain da abokan aikinsa sun kuma nuna a 2013 cewa, cikin matan da ba sa son ɗaukar ciki amma ba sa amfani da komai, fiye da kashi ɗaya cikin uku sun taɓa amfani da hanyar zamani suka bari. Waɗannan mata ba wa'azi suke bukata ba, sun riga sun zo da ƙafarsu.

Me ake nufi da inganci?

Kalmar inganci tana da santsi. Kowa yana iya cewa aikinsa yana da shi. A 1990 wata mai bincike a ƙungiyar Population Council, Judith Bruce, ta fayyace ta zuwa abubuwa shida da za a iya dubawa: zaɓin hanyoyi, bayanin da ake yi wa mai zuwa, ƙwarewar ma'aikaci, yadda yake mu'amala da mutane, tsarin bibiya, da kuma haɗa hidimar da sauran bukatun lafiya. Wanda ya sake duba shirin Matlab na biyu zai ga dukansu shida a ciki, tun shekaru goma sha uku kafin a ba su suna. Biyu daga cikinsu sun fi samun shaida mai ƙarfi.

Na farko zaɓi. A gabashin tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya an bi diddigin mata kusan dubu biyu da suka je asibiti neman tazara, aka buga sakamakon a 1991. An tambayi kowace, kafin ta ga ma'aikaci, wace hanya take so. Bayan shekara guda, cikin waɗanda aka ba abin da suka nema kimanin kashi 9 cikin ɗari ne suka bari. Cikin waɗanda aka ba wani abu daban, kimanin kashi 72 suka bari. Mace takan zo da dalilinta wanda ba lalle ta faɗa ba. Wata ba ta son mutanen gida su ga kwalin ƙwaya, wata tana tsoron allura, wata ta ga yadda robar mahaifa ta yi wa yayarta. Ma'aikacin da ya zaɓa mata, ko don abin da ya rage a kabad ke nan, ko don shi aka ce ya tallata, ya cika rajistarsa ne kawai. Ƙarewar kaya a asibiti ma hana zaɓi ne ta bayan gida.

Na biyu bayani, kuma shaidarsa daga kusa take. Wani bincike da aka buga a 1992 ya bi sababbin masu karɓa a asibitocin Nijar da Gambiya. Kimanin kashi 30 cikin ɗari sun bari cikin wata takwas na farko, matsalolin magani kuma suna kan gaba cikin dalilan. A Nijar, cikin matan da suka ce ba a yi musu isasshen bayani kan waɗannan matsaloli ba, kashi 37 suka bari, cikin waɗanda aka yi wa bayani kuwa kashi 19. A Gambiya ratar ta fi faɗi: 51 da 14. Wannan ya saɓa wa tunanin ma'aikata da yawa, waɗanda suke ɓoye illolin magani don gudun kada mace ta tsorata ta fasa. Tana iya fasawa, gaskiya ne. Amma wadda aka ɓoye wa takan bari daga baya, ta kuma daina yarda da duk abin da aka faɗa mata a wannan asibiti, har da na rigakafin ɗanta.

Mu'amala ma an auna ta. Michael Koenig da abokan aikinsa sun tambayi matan karkara a wasu gundumomin Bangaladash, wajen Matlab, game da ma'aikatan gwamnati masu ziyartarsu: tana sauraron tambaya? tana ba da lokaci? ana iya dogara da ita in matsala ta taso? Sakamakon da suka buga a 1997 ya nuna cewa matan da suka yaba wa ma'aikaciyarsu sun fi sauran yiwuwar fara amfani da wata hanya da kashi 27 cikin ɗari, sun kuma fi su yiwuwar ci gaba da kashi 72. Tasirin inganci a kan riƙewa ya fi tasirinsa a kan karɓa nesa ba kusa ba.

Maƙwabciyar Bangaladash ta nuna ɗaya fuskar. A tsakiyar shekarun 1960 Indiya ta baza robar mahaifa da gaggawa ba tare da tanadin bibiya ba. Mata suka yi fama da zubar jini da ciwo babu mai duba su, hanyar ta yi baƙin jini na shekaru masu yawa. A lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977 kuma aka ɗora wa ma'aikata adadin da dole su cika, aka yi wa mutane kimanin miliyan takwas aikin tsayar da haihuwa cikin shekara guda, da yawansu bisa tilas ko matsin lamba. Fushin jama'a yana cikin abin da ya kayar da gwamnati a zaɓen 1977, har aka sauya wa shirin suna. Taron Alƙahira na 1994 ya yi watsi da ɗora wa ma'aikata irin wannan adadi, Indiya kuma ta soke nata a hukumance a 1996.

Inda masana suka saɓa

Ba kowa ne ya karanta Matlab ta fuska ɗaya ba. A 1994 masanin tattalin arziki Lant Pritchett ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na bambancin yawan haihuwa tsakanin ƙasashe ana iya bayaninsa da yawan 'ya'yan da mutane suke so. A ganinsa shirin Matlab ya yi aiki ne da kuɗin da babu gwamnatin ƙasa matalauciya da za ta iya kashewa a kan kowace mace. Akwai gaskiya a cikin wannan suka. Babu kyawun hidimar da zai sa mai son 'ya'ya takwas ya tsaya a uku, kuma ba aikin asibiti ba ne ya sa shi. Ziyarar mako biyu-biyu kuwa tana da tsada ƙwarai. Da gwamnatin Bangaladash ta ɗauki dubban mata ma'aikata don yin irin wannan aiki a faɗin ƙasa, ziyararsu ba ta kai ta Matlab yawa ba. Duk da haka matsakaicin haihuwar mace a ƙasar ya sauko daga 6.3 a 1975 zuwa 3.4 a 1993 da 1994, sa'an nan 2.3 a 2011. Rabon da za a ba shirin tsarin iyali a cikin wannan, da wanda za a ba karatun 'ya'ya mata da raguwar mutuwar yara da aikin masaƙu, shi ne abin da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kai.

Akwai kuma gargaɗi ga ɗalibin kimiyya. Yawancin binciken da aka ambata a sama kallo ne da kwatantawa, ba gwaji ba. Mai yiwuwa ne macen da maganin ya karɓe ta ita ce take tuna ma'aikaciya da alheri, ba alherin ma'aikaciyar ne ya sa ta riƙe maganin ba. Mutane kuma sukan yaba wa asibiti a gaban baƙo don kunya. A lardin Dabao ta Arewa na ƙasar Filifin an gwada abin kai tsaye: aka horar da ma'aikatan waɗansu asibitoci kan sauraro da bayani, aka bar waɗansu. Bayanin da mata suke samu ya inganta, kuma matan da suka sami kyakkyawar kulawa, a kowane ɓangare suke, sun fi riƙe hanyarsu. Amma da aka kwatanta ɓangarorin biyu gaba ɗaya, bambancin riƙewa bai kai abin dogara ba. Horo na 'yan kwanaki, shi kaɗai, bai yi abin da Matlab ta yi ba. A Matlab an sauya ma'aikata da hanyoyi da yawan ziyara da kulawar shugabanni a lokaci guda, shi ya sa yake da wuya a ware wanda ya fi tasiri a cikinsu.

Riba kuwa ba ta tsaya ga ƙidayar haihuwa ba. Nazarin da aka yi kan binciken gidajen Matlab na 1996, shekara goma sha tara bayan fara shirin, ya sami matan yankin gwaji sun fi na yankin kwatance ƙoshin jiki, mutuwar yaransu ta fi ƙaranci, gidajensu kuma sun fi tara kadara. Wani ɓangare na wannan daga rigakafi da sauran hidimomi ya fito, wani kuma daga tazarar kanta. Hausawa sun daɗe da sanin illar kwanika ga yaron da ke goye da uwarsa. Masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara a 2005 sun ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki.

Yadda ake aunawa a binciken gidaje

Saboda waɗannan darussa, binciken lafiya da ƙidaya da ake yi gida-gida a ƙasashe masu tasowa ya wuce tambayar ko mace tana amfani da wata hanya. Ana tambayar mai amfani abu uku game da ranar da ta karɓa: an gaya mata akwai waɗansu hanyoyin? an gaya mata matsalolin da wadda ta zaɓa take iya kawowa? an gaya mata abin da za ta yi idan sun zo? Daga baya aka ƙara ta huɗu, wato ko an sanar da ita tana da damar sauyawa. Ana kuma cike mata jadawalin watanni na shekaru biyar da suka wuce, wata bayan wata, don a ga lokacin da ta fara, da lokacin da ta bari, da dalili.

Binciken Nijeriya na 2018 ya sami kashi 12 cikin ɗari na matan aure suna amfani da hanyar zamani, kashi 19 kuma suna son jinkirta ciki ko dainawa amma ba sa amfani da komai. Cikin duk amfanin da aka fara, kimanin kashi 41 an bar shi kafin wata goma sha biyu. Wannan adadi na ƙarshe yana bukatar a karanta shi da hankali, domin babban dalilin da matan suka bayar shi ne son ɗaukar wani ciki. Macen da ta huta, ta yaye ɗanta, ta ajiye allura don tana son ƙaninsa, ta sami abin da ta je nema, kuma ba asara ba ce ga asibiti. Wadda ta bar ƙwaya ta koma ashanar fata ma ba ta fita daga randa ba. Wadda masu bincike suke warewa su ƙirga daban ita ce ta uku: ta bari saboda jini ko jiri ko ƙarewar kaya ko tsawar ma'aikaci, ba ta son ciki, kuma bayan wata uku ba ta koma kan wata hanya ba.